Askar da Ta Karkace: A Wasa Ta ko a Ajiye Ta?

Duk wanzamin da ya daɗe yana rataya zabira ya taɓa gamuwa da irin wannan aska. A ido lafiyarta ƙalau: babu giɓi, babu tsatsa, ƙota daram. Amma da an kwantar da ita a kan mawashi sai ta ƙi zama. Ta gefe guda cikinta ne kawai ke taɓa dutse, tana reto. A juya ta, sai tsini da gindi su zauna, tsakiya ta bar 'yar kafar da haske ke ratsawa. A wasa, a sake wasawa, a goga a fata. Da an ɗora ta a kan mutum, wani sashe na bakin yana share gashi sumul, wani sashen kuma yana tsiga, mai kai yana yamutsa fuska yana cewa, "Sarkin aska, yau askarka ba ta ci."

A Dutse da ƙasarta maganar ba ta wasa ba ce. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 garin ya zama hedikwata, shagunan aski masu kilifa da janareta suka cika Takur da sauran sababbin unguwanni. Amma a Garu, inda fadar sarki take, da ƙauyukan Kiyawa, Jahun, Miga, Buji, Birnin Kudu da Gwaram, har gobe wanzami ne ke askin suna, shi ke kaciya, shi ke ƙaho, shi ne kuma ke shimfiɗa tabarma ranar kasuwar Shuwarin yana jiran dattawan da ba su yarda inji ya hau kansu ba. Askar da ta karkace a hannun irin wannan mutum jari ce da ta samu matsala. Wasu na cewa hannun gwani zai gyara ta ta ci gaba da aiki. Wasu na cewa kwananta ya ƙare, kuma dama ce ta komawa reza. Kowane ɓangare yana da hujjar da ta isa a saurara.

Daga ina karkatar ke zuwa?

Yawanci daga wuta. Ƙarfe ba ya riƙe kaifi sai an gasa shi ya yi jajur an tsoma shi cikin ruwa ko mai. A wannan tsomawar ne siririn baki ke rigan kaurin baya hucewa, kuma idan gefe ɗaya ya riga ɗaya sanyi sai ƙarfen ya ja ya ɗan lanƙwashe. Wannan ba gazawar maƙeran Hausa kaɗai ba ce, masu ƙera aska daga tsohon sifirin ɗin mota ko magagarin da ya mutu. Har askokin Sheffield ta Ingila da Solingen ta Jamus, garuruwan da suka yi suna a duniya da ƙirar aska, akan samu mai 'yar murɗiya tun daga masana'anta. Wata kuma lafiya aka saye ta, daga baya aka zauna mata a cikin zabira, ko ta faɗi a kan daɓe, ko aka kara ta a harshen wuta da niyyar kashe cuta.

Wani lokacin ma ba laifin askar ba ne. Mawashin da ya shekara yana aiki yakan zaizaye ta tsakiya ya yi kwari, kuma dutse mai kwari yana sa miƙaƙƙiyar aska ta yi kamar karkatacciya. Wanda ya san aiki yakan fara goga dutsen a kan shimfiɗaɗɗen siminti da ruwa da ɗan yashi mai laushi har ya daidaita, kafin ya yanke wa askar hukunci.

Abin da masu washi ke cewa

Hujjarsu ta farko ta sana'a ce: karkata ba mutuwa ba ce. Aska ba ta buƙatar ta miƙe sak kafin ta yi aski. Abin da take buƙata shi ne kowane ɗigo na bakinta, daga gindi zuwa tsini, ya taɓa dutse a lokacin washi. Idan ba za ta kwanta gaba ɗaya a lokaci guda ba, sai a bi ta sashe-sashe.

Ga yadda gwani ke yi. Zai shafa tawada ko alƙalamin maka a kan bakin ta gefe biyu, ya ɗiga ruwa a dutse, ya ja ta sau uku ko huɗu a hankali, ya ɗaga ya duba. Inda tawada ta goge, dutse ya ci. Inda ta rage, nan ne ciwon. A gefen da ya yi tozo, sai ya riƙa mirgina askar yayin ja: ya fara da gindi a kan dutse, nauyin yatsa ya gangaro tsakiya, ya ƙare a tsini, duk a ja ɗaya. A gefen da ya yi rami kuwa faffaɗan dutse ba ya kaiwa, don haka sai ya koma siririn mawashi, ko ya riƙa jan askar a karkace tana sauka ta gefen dutsen, yadda bakin dutsen zai shiga cikin ramin. Ba a dannawa. Dannawa tana miƙar da siririn ƙarfe na ɗan lokaci, tawada ta goge, mutum ya ɗauka ya gama, da ya saki ta koma yadda take. Daga nan sai fata, sai gwaji a gashin damtse.

Masu wannan ra'ayi suna ƙarawa da cewa wanzamin Hausa ma ya fi Bature sauƙi a nan. Askar Turai mai naɗewa, wadda aka rarake gefunanta, an ƙera ta ne don a kwantar da bayanta da bakinta tare a kan dutse, kaurin bayan ne ke tsayar da kusurwar kaifi a wajen digiri 16 ko 17. Shi ya sa ƙaramar karkata ke rikita ta. Askar maƙera kuwa da hannu ake riƙe kusurwarta, kuma hannun da ya saba yana bin lanƙwasa ba tare da ya yi shawara ba. In ma abin ya yi yawa, tana da kaurin da za a mayar da ita maƙera, a zuga mata wuta, a miƙar da ita a kan uwar maƙera, a sake tsoma ta.

Hujja ta biyu ta aljihu ce. Aska ɗaya da dutse ɗaya suna iya kai mutum shekaru. Reza kuwa, Tiger ce ko Nacet ko wata, kullum sai an saya, kuma tun da darajar naira ta zube a 2023 duk abin da ke da alaƙa da shigowa daga waje ya yi tsada. Wanzamin ƙauye sau da yawa ba kuɗi a hannu ake biyansa ba: damin gero ne da kaka, ko cinyar ragon suna, ko abin da ya sawwaƙa. A ce masa ya ɓare sabuwar reza a kan kowane kai, an ɗora masa kashe kuɗin da babu wanda ya yi alkawarin mayar masa.

Amsar masu cewa a ajiye ta

Su kuma suna cewa duk wannan bayani gaskiya ne, amma bayanin gwani ne, kuma gwanaye ba su da yawa. Yaron da ya gaji zabira yana rabin lokacinsa a gona rabi a kabu-kabu ba shi da haƙurin tawada da mirgina hannu. Abin da zai yi shi ne ya danna ya yi ta gurza har sai ko'ina ya taɓa dutse. Sakamakon haka sananne ne: ƙarfe ya cinye ta wani wuri, baki ya yi faɗi nan ya tsuke can, tsakiya ta lotsa ciki. Askar da bakinta ya lotsa ta fi karkatacciya sharri, don tsini da gindi ne ke fara nutsewa cikin fata kafin tsakiya ta kai ga gashi.

Miƙarwa ma ba ta da tabbas. Ƙarfen da aka taurara ba ya tanƙwaruwa a sanyi, tsagewa yake yi, kuma tsagar da ido ba ya gani ta fi haɗari. Idan aka mayar da siririyar aska wuta, bakin ne ke fara ƙonewa, kuma tsomawa ta biyu na iya ƙara mata wata karkatar.

Amma ba nan ne zuciyar hujjarsu take ba. Aska mai kaifi nan dakushi can tana tilasta wa wanzami ya ƙara nauyin hannu ya kuma maimaita wuri ɗaya. Nauyin hannu da maimaici su ke kawo ƙwarzane, a ƙeya, a bayan kunne, a kan ƙurajen gemu. Ƙwarzane jini ne ko da bai kwarara ba. Daga nan magana ta tashi daga hannun maƙeri ta koma hannun likita.

Binciken ƙasa na NAIIS da aka gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma maza sun fi mata yawa. Mutanen Jigawa kan yi hamdala cewa a wannan binciken jiharsu tana cikin mafi ƙarancin masu cutar ƙanjamau, kashi 0.3 cikin 100. Hamdala ta dace, sai dai ƙwayar ciwon hanta ta fi ta ƙanjamau saurin kamu nesa ba kusa ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7. Ke nan busasshen jinin da ya maƙale a mahaɗar ƙarfe da ƙota ranar kasuwar wannan mako yana iya jiran mai zuwa aski a kasuwa mai zuwa. Goge aska a tafin hannu ko a tsumma ba ya taɓa wannan ƙwaya. Mafi yawan masu ɗauke da ita kuma ba su san suna da ita ba, suna noma suna cin kasuwa, sai bayan shekaru ciki ya kumbura ido ya yi rawaya.

Suna kuma kawo misalin da duk alhaji ya gani da idonsa. A Mina, ranar da dubban ɗaruruwan mutane ke aske kai, hukumomin lafiya na Saudiyya suna umartar alhazai su je wurin masu aski masu lasisi, waɗanda ke amfani da reza sau ɗaya su jefar. Babu wanda ya ce askin bai cika ba don ba da askar gado aka yi shi ba.

Martanin masu washi

A nan ne masu kare aska ke ɗaga murya, kuma suna da abin faɗa. Suna cewa an haɗa maganganu biyu da ba ɗaya ba. Karkata daban, tsabta daban. Miƙaƙƙiyar aska mai datti tana yaɗa cuta, karkatacciya da aka wasa da kyau aka wanke aka tafasa ba ta yaɗawa. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, zafin da bai kai ya taɓa taurin ƙarfe ba. Abin da ke kashe aska shi ne harshen wuta: da ƙarfe ya fara yin launin kara a wajen digiri 220 tauri ya fara sauka, in ya yi shuɗi a wajen digiri 300 kaifi ya tafi ke nan. Wato wasu askokin ma shawarar "ƙona ta kafin ka yi amfani da ita" ce ta lalata su. A koya wa wanzami tafasawa da busarwa da shafa ɗan mai, a sa ya riƙe aska uku ko huɗu yana juya su, an kashe maganar.

Sannan suna tambaya: wa ya ce reza tsarkakakkiya ce? Ana karya ta biyu, a yi wa mutum ɗaya da rabi, a ajiye rabin a kan tabarma cikin gashi. Ana saka sabuwa cikin maƙalin da bai taɓa ganin ruwan zafi ba. Wani yana riƙe ta tsirara tsakanin yatsu, kuma tsirarar reza mai lanƙwasuwa ta fi aska saurin yanka. Bayan an gama, ina take zuwa? Bola, ko gindin bishiyar da aka yi askin, inda yara da almajirai ke yawo ba takalmi, ga tsatsa ga ƙasa ga cutar sarƙe-haƙora. Kilifar shagon birni ma tana ƙwarzane, tana kwasar makero daga kai zuwa kai, kuma ɗan feshin sifirit da kunna ashana da ake yi mata na daƙiƙa biyu ya fi kama da kwantar da hankalin mai kai fiye da kashe cuta.

Akwai kuma abin da ba a auna shi da alƙaluma. Washi shi ne darasin farko na ɗan wanzami, kafin a bar shi ya taɓa kan kowa. A wurin dutse yake koyon sauƙin hannu da haƙuri da sauraron ƙarfe. Idan aka cire aska daga zabira, maƙerin da ke ƙera ta ya rasa ciniki, wanzami ya zama mai ɓare takarda. Amurka ta bi wannan hanya tun da King Gillette ya samu rajistar rezarsa a 1904, aka kuma raba wa sojojinta ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yau a can masu sha'awa ne ke farautar tsofaffin askoki suna koyon washi daga farko, bayan sana'ar ta kusa ɓacewa. Abin takaici ne ƙasar da ilimin yake raye a hannun mutane ta yar da shi da gangan.

Kalmar ƙarshe ta ɗaya ɓangaren

Masu cewa a ajiye ba su musanta cewa tafasawa na aiki. Tambayarsu ita ce wa zai yi ta, a ina. Wanzami a tsakiyar kasuwa, mutum biyar na jira a kan benci, babu murhu, ruwan ma na buta ne. Tsarin da ke buƙatar a yi komai daidai kullum, a ɓoye, ba tare da mai kai ya gani ba, ya fi saurin karyewa a kan tsarin da mutum zai ce, "Baba, ɓare sabuwa a gabana," ya gani da idonsa. Ruwan bilic irin Hypo ko Jik da wasu ke ba da shawara yana kashe ƙwayar cuta, amma yana cin ƙarfen aska ya bar ƙananan ramuka, kuma a ramukan nan datti ke kwana.

Sun fi kafewa a kan jarirai. Babban mutum da ya kamu da ciwon hanta nau'in B galibi jikinsa kan kore shi. Jariri kuwa, kimanin 9 cikin 10 na waɗanda suka kamu suna zama da cutar har tsawon rai. Allurar rigakafinta ta shiga jerin alluran yara na Najeriya tun 2004, kuma ana son a yi ta farko cikin sa'o'i 24 da haihuwa. A karkarar Jigawa, inda haihuwa a gida ta fi yawa, jarirai da dama suna kaiwa ranar suna ba su samu ba. Ranar bakwai sai ga aska a kan fatar da ba ta da kariya.

Idan aka tace

Da aka baje hujjojin, abu na farko da ya fito shi ne masu washi sun yi nasara a maganar ƙarfe. Ƙaramar karkata, wadda ba a ganinta sai a kan dutse, tana wasuwa, kuma jefar da aska saboda ita asara ce. Askar da ta murɗe har ido na gani, ko ta yi shuɗi a wuta, ko ta tsage, ko bakinta ya riga ya lotsa, wannan kam ko masoyanta sun san ta tashi daga aikin fatar mutum. Tsakanin waɗannan biyu akwai fili mai faɗi da hannun mai washi kaɗai ke yanke hukunci a kansa.

Abu na biyu, masu reza sun yi nasara a maganar jini, amma ba duka ba. Gaskiya ne aska ɗaya ce kawai daga hanyoyin da ciwon hanta ke bi. Daga uwa zuwa jariri da cuɗanyar yara a gida suna da babban kaso, ga allurar da ake maimaitawa da ƙarin jinin da ba a tantance ba. Bai dace a ɗora wa wanzami kayan kowa ba. Sai dai a duk aikin da aka san tun farko jini za a fitar, kaciya, tsagar ƙaho, cire beli, hujjar a yi amfani da ƙarfe sau ɗaya ta fi ƙarfi ƙwarai, kuma askar da aka riga aka san ba ta cin dutse daidai ba ta da gurbi a nan ko kaɗan. Wasu daga cikin ayyukan ma, kamar yankan gishiri, ba sabuwar reza suke buƙata ba, daina su ake buƙata. Sashen masu yoyon fitsari na asibitin Jahun ya isa shaida a kan abin da yankan mace ba bisa ilimi ba da doguwar naƙuda ke jawowa.

Abin da ya rage a buɗe shi ne askin yau da kullum na manya. Dattijon da yake da askarsa ta kansa, wadda ba ta hawa kan kowa sai nasa, ba shi da dalilin rabuwa da ita don ta ɗan karkace. Ya kai wa gwani ya wasa masa. Tsohuwar dabarar nan ta kowane magidanci ya ajiye askarsa wanzami ya zo da hannunsa da dutsensa kawai tana iya gamsar da ɓangarorin biyu, ko da yake ba ta warware matsalar baƙon da ya zauna a kasuwa ba. Ko tafasa askar haya zai iya zama ɗabi'ar da za a dogara da ita, wannan ya danganta da horo da sa ido, kuma sarakunan aska na masarautar Dutse sun fi kowane jami'i sanin wanda ke bin ƙa'ida da wanda ba ya bi. A Sakkwato an taɓa horar da wanzamai su riƙa tura iyayen jarirai wurin rigakafi, abin da ya nuna ana iya aiki da su maimakon a yi ta zarginsu daga nesa.

Kafin masu muhawara su daidaita, mai jego da angon ƙarni suna da abin yi da ba ya jiran kowa: a kai jariri asibitin da ya fi kusa a yi masa allurar ciwon hanta tun ranar haihuwa, ranar suna kuma a tanadi sabuwar reza a miƙa wa wanzami, a ƙara masa kuɗinta a kan ladansa.